'Yar shekara 16 da gandaye uku: wa ke da shunin Eliza Lucas?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan gida. Yau tarihi na kawo mana, kuma da gangan na zaɓo shi saboda masu cewa riƙon dukiya ba aikin mace ba ne.

Sunanta Eliza Lucas. An haife ta a ƙarshen 1722 a tsibirin Antigwa, mahaifinta George Lucas hafsan sojan Ingila ne. Ta yi makaranta a Landan, a 1738 kuma iyalin suka ƙaura zuwa Karolina ta Kudu, lokacin da Amurka ba ta zama ƙasa ba, tana ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Shekara guda da zuwansu yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Sifen, aka ce uban ya koma bakin aiki a Antigwa. Uwar ba lafiya, ƙannenta maza biyu suna karatu a Ingila. Sai ya danƙa komai a hannun Eliza tana da shekara 16: gandun Wappoo mai eka 600 inda suke zaune, wani mai eka 1,500 a bakin kogin Combahee da ke fitar da katako da kwalta, da filayen shinkafa eka 3,000 a kogin Waccamaw.

Uban yana aiko mata da iri daga Antigwa tana gwadawa. Ta gwada citta, ta gwada auduga, ta gwada rogo da ciyawar dabbobi. Daga ƙarshe ta tsaya a kan baba, shukar da ake fitar da shuni daga ganyenta. Shekara biyar tana faɗuwa tana tashi, sai a 1744 aka samu shuni mai kyau. Maimakon ta ɓoye irin, sai aka rarraba wa maƙwabta. Kafin 1775 yankin yana fitar da shuni sama da laba miliyan ɗaya a shekara, shinkafa ce kaɗai ke gabansa. To ku gaya mini, mace ba ta iya riƙe dukiya?

Autar Mama: Wa alaikumus salam Anti. Shekara 16 fa kika ce? Ikon Allah. To ita ba ta da ƙawaye ne, ba biki ba ziyara?

Maman Iman: Tana da su ƙanwata, tana shiga Charleston ta kwana biyu a gidajen abokan arziki. Amma ta rubuta wa wata ƙawarta yadda take raba yininta, kuma wasiƙar tana nan. Ƙarfe 5 na asuba take tashi, ta yi karatu zuwa 7, ta zaga lambu ko gona ta ga kowa ya kama aikinsa, sannan karin kumallo. Bayan nan awa guda na kiɗa, awa guda na bitar Faransanci da abin da ta koya a makaranta don kada ya zube. Sai ta koyar da ƙanwarta Polly karatu. Da yamma ɗinki har a kunna kyandir, daga nan karatu ko rubutu. Ranar Alhamis kuwa ta ware ta sukutum don rubuce-rubucen harkokin gandaye da wasiƙun abokan arziki. Kuma duk wasiƙar da za ta aika sai ta kwafe ta ko ta taƙaita ta a wani littafi nata. Wannan littafin ne ya sa muka san ta.

Baban Walid: Maman Iman, sannu da ƙoƙari, amma akwai wurin da kika bi ta kai da gudu. Kin ce takan zaga "ta ga kowa ya kama aikinsa". Su waye kowa? Bayi ne. A Wappoo kaɗai akwai bayi 20, banda na sauran gandayen. Mutanen da aka kamo daga Afirka, ko aka haifa a cikin bauta. Yarinyar tana kiɗa da bitar Faransanci ne saboda akwai waɗanda ke tsaye a rana suna yankan baba a madadinta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ni ba zan ɗauki wannan in nuna wa 'yata in ce ga abin koyi ba.

Maman Iman: Baban Walid, ban ɓoye bauta ba, ban kai wurin ba ne. Amma maƙwabtanta maza duk suna da bayi, wasu ma sun ninka nata. Me ya hana su fitar da shunin kafin ita? In yawan bayi ne ke kawo nasara, da masu ɗari biyu sun riga mai ashirin.

Ɗan Marina: Ku ba ni dama in sa baki, don wannan fannin namu ne. Duk wanda bai san yadda ake fitar da shuni daga ganye ba zai ɗauka noma ne kawai. Noman shi ne mai sauƙin.

Yadda suke yi a can: ana yanko baba dab da zai yi fure, a zuba shi ɗanye a babban tanki na farko, a danne da itace, a cika da ruwa. Sai a bar shi ya jiƙa ya fara ruɓa, kamar rabin yini ko fiye, ya danganta da zafin gari. Ruwan zai koma kore-kore yana kumfa. Sai a buɗe shi ya gangara tanki na biyu da ke ƙasa. A nan ne wahalar take: mutane su tsaya da dogayen sanduna masu bokiti ko faifan katako a baki, su yi ta dukan ruwan ba tsayawa, awa da awanni, don iska ta shige shi. Iskar ce ke juya shi ya zama shuɗi ya fara haɗa ƙwayoyi. A zuba ruwan farar ƙasa kaɗan don ƙwayoyin su kwanta. A tsiyaye ruwan sama, a kwashe laka mai shuɗin da ta zauna a ƙasa, a zuba a jakunkunan yadi ta tsane, a matse, a yanka ƙanana, a shanya a inuwa.

To a kowane mataki akwai lokacin da in ka wuce shi da kaɗan ka yi asarar tankin gaba ɗaya. Jiƙon ya wuce, launi ya mutu. Dukan ya gaza, shuni ya tafi da ruwa. Ya yi yawa, ya yi baƙi. Kuma babu agogo ko ma'aunin da zai gaya maka. Ido ne, da hanci, wasu har da ɗanɗano. Wanda ke tsaye a bakin tankin shi ne mai wannan ilimin. Ga wari kuma, ganyen da ya ruɓe yana tara ƙudaje ta yadda ake gina wurin nesa da gidan masu gandu. Masu dukan ruwan kuwa a ciki suke yini.

Baban Walid: Madalla. To ka ji. Wa ke bakin tankin, ita ko su?

Ɗan Marina: Su ne, Yaya. Amma dakata, ban gama ba, kada ka ɗauke ni lauyanka. Uban ya aiko mata da wani gwani daga tsibirin Montserrat mai suna Nicholas Cromwell don ya nuna yadda ake yi. Mutumin ya gina tankuna, ya riƙa ɓoye sirrin aikin, sannan ya antaya ruwan farar ƙasa fiye da kima har launin ya lalace. Ita da kanta ta rubuta daga baya cewa ya ce yana nadamar zuwa, don zai kashe wa tsibirinsu kasuwa. Abin da ya burge ni shi ne ta gane. Yarinya ce da ba ta kai ashirin ba, namiji babba da ake kira gwani ya ce mata ƙasarku ce ba ta yi, amma ta sa ido a kan abin da yake zubawa har ta kama shi. Wanda bai tsaya kusa da tanki ya jure warin ba, ba zai gane an yi masa wannan zambar ba. Ɗan'uwansa Patrick ne ya karɓi aikin, shi ya fitar da laba 17 a 1744, aka aika laba 6 Landan don 'yan kasuwa su gwada.

Malama Mai Alli: Ina bin ku tun ɗazu. Akwai sunan da ya kamata ya shigo wannan zancen: Quash. Bawa ne, kafinta, ƙwararre, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin katakon tankunan shunin. Tankin da ke yoyo ba ya fitar da komai, don haka aikinsa ba ƙarami ba ne. Daga baya an yi masa baftisma da sunan John Williams, ya yi aiki a ginin gidan lauya Charles Pinckney na Charleston, aka 'yanta shi a 1750. Shi mun san sunansa saboda ya shiga takardu. Sauran da suka yi dukan ruwan, yawancinsu suna ɗaya tak ya rage a jerin kadarori, tare da shanu da kayan aiki.

Kuma mu tuna mutanen Afirka ta Yamma sun san baba da rini tun ƙarnoni kafin a haifi kakan Eliza. Sai dai a yi hattara a nan, hanyar tankuna uku da dukan ruwa ta gandayen Karibiyan ce, ta sha bamban da yadda ake sarrafa ganyen a Afirka. Abin da bayin suka zo da shi shi ne sanin shukar da halinta, da idon gane launi.

Baban Walid: Malama, Allah ya saka. Ku kuma duba shekarar da aka ba ta riƙon: 1739. A watan Satumba na wannan shekarar aka yi tawayen Stono, 'yan mil kaɗan daga Wappoo. Bayi wajen 20 suka fara, suka fasa shago suka ɗebi bindigogi, suka nufi Florida inda Sifaniyawa suka yi alkawarin 'yanci ga duk bawan da ya tsere daga Ingilishi. Turawa sama da 20 suka mutu, bayin da aka kashe sun fi haka. A lokacin baƙaƙe sun kai kusan biyu cikin uku na mutanen yankin. Shekara ta gaba majalisar yankin ta yi dokar da ta hana bayi taruwa, ta hana a koya musu rubutu, tarar fam 100 ga wanda ya koyar. A cikin wannan yanayin ne ake tashi ƙarfe 5 a yi karatun falsafa.

Maman Iman: To ai ka kawo mini hujja da kanka. A cikin wannan yanayin ita Eliza ta zaunar da 'yan mata bayi biyu tana koya musu karatu tare da ƙanwarta, da nufin su zama malaman sauran yaran gandun. Mace mai mugun hali za ta yi haka?

Malama Mai Alli: Ta yi, gaskiya ne, yana cikin wasiƙunta. Amma 'yar'uwa, dokar rubutu ta hana, ba ta hana karatu ba, don haka ba ta karya komai ba. Dalilin bambancin kuwa a fili yake: bawan da ya iya karatu zai karanta Baibul, wanda ya iya rubutu zai iya rubuta wa kansa takardar izinin fita. Kuma har ta mutu tana da shekara 70 ba ta daina mallakar mutane ba. Ni ba na ce muguwa ce fiye da mutanen zamaninta. Ba na kuma yarda a ce ta fi su.

Autar Mama: Ni dai tambayata ɗaya, ta yi aure kuwa? Don irin wannan matar maza tsoronta suke ji.

Kawu Dattijo: Auta, ke kullum nan hankalinki yake. Ta yi. Amma kafin nan uban ya aiko mata da sunayen mutum biyu ta zaɓa, a 1740. Ta mayar masa da amsa cikin ladabi cewa ɗayan ba ta san shi sosai ba. Ɗayan kuwa, wani tsoho mai kuɗi, ta ce ko da zai haɗa arzikin Peru da na Chile ba zai sayi ƙimar da za ta sa ta aure shi ba. Uban ya ƙyale ta. Sai ga shi a 1744 ta auri Charles Pinckney, lauya, wanda ya ninka shekarunta, watanni kaɗan bayan rasuwar matarsa ta fari, wadda ƙawar Eliza ce. Shi ne dama ke ba ta aron littattafai. Ashe matsalar wancan tsohon ba tsufa ba ce.

Autar Mama: Kawu ka ce mijin ƙawarta ta aura! Lallai.

Anti Barista: Na ga an kusa sauka daga kan layi, bari in dawo da mu, don akwai abin da ke damuna a yadda Maman Iman ta buɗe zancen, kuma ba batun bayi ba ne. Kin ce Eliza hujja ce cewa mace na iya riƙe dukiya. Ƙwarai. Amma dukiyar wa?

Daga 1739 zuwa 1744 gandayen na ubanta ne. Ita wakiliya ce. Tana sayarwa, tana saye, tana ba sarakunan gandu umarni, tana rubuta wa dillalai a Landan, amma da sunan George Lucas. Shi kuma yana Antigwa yana jinginar da filayen don ya sayi ƙarin muƙami a soja, domin a sojan Ingila na lokacin da kuɗi ake sayen muƙamin hafsa. Wato tana nan tana ƙoƙarin fitar da gonar daga bashi, shi yana can yana ƙara mata. Ta nuna damuwarta a wasiƙa, amma ba ta da ikon hanawa. Da aka zo aurenta an so a ba ta Wappoo, wurin da ta zuba shekara biyar na ƙuruciyarta. Jingina ta riga ta cinye shi, masu bin bashi suka riƙe. Abin da ta fita da shi daga ciki shi ne baban da ke tsaye a gona, uban ya ba ango kyauta. Shi kansa uban Faransawa suka kama shi a teku, ya mutu a hannunsu a Brest a 1747.

Da ta yi aure kuma sai dokar Ingila ta hau kanta. A wannan doka matar aure ba ta da kai nata a gaban shari'a, mijinta ya lulluɓe ta. Ba ta ƙulla yarjejeniya da sunanta, ba ta kai ƙara ita kaɗai, kayanta masu motsi sun zama nasa, amfanin filinta shi ke ci. Shi ya sa in ka duba jaridar South Carolina Gazette ta wancan lokacin, wanda ke rubutu yana kwaɗaitar da manoma su shuka baba Charles Pinckney ne, da sunan aro na Agricola. Ba na cewa ya ƙwace mata, ga dukkan alamu sun zauna lafiya kuma yana girmama basirarta. Amma muryar da jama'a suka ji tasa ce.

Ikonta na gaskiya ya dawo ne a 1758, da ya mutu. A tsarin nan mace tana da cikakken iko a hali biyu: kafin miji, da bayan miji.

Maman Iman: Anti Barista, wannan ai ƙara mata daraja ya yi a idona. Aiki ba da sunanka ba, riba ba taka ba, kuma ka yi shi kamar naka.

Anti Barista: Ya ƙara wa halinta daraja, na yarda. Amma ina tsoron darasin da 'yan mata za su ɗauka in aka ba su labarin yadda kika bayar. Mata nawa ne yau ke riƙe da kasuwancin gida shekara da shekaru, su ne lissafi, su ne ciniki, amma babu sunansu a takarda ko ɗaya? Ranar da aka zo rabo ko aka zo bin bashi sai a ce musu sannu da taimako. Abin dariyar ma, Eliza ta san doka. Ta karanta littafin shari'ar Ingila da kanta, har tana rubuta wa talakawan maƙwabta wasiyya kyauta, waɗanda ba su da kuɗin lauya. Ta san sarai inda take tsaye.

Kawu Dattijo: Barista, ai nan ne nake yi wa masu cewa Turawa ne suka koya wa duniya 'yancin mata dariya. A Musulunci aure ba ya taɓa dukiyar mace, abin da ta mallaka nata ne, sadakinta nata ne, gadonta nata ne. Su kuwa sai a 1848 jihar New York ta yi dokar da ta bar wa matar aure kadararta, Ingila kanta sai 1870 da 1882.

Anti Barista: Haka ne Kawu, a littafi. Sai dai hukunci a littafi daban, abin da 'yan'uwa maza ke yi da gonar marayu daban. Amma wannan wata muhawarar ce, kada admin ya kore mu.

Ɗan Kasuwa: Ni ta fuskar ciniki nake kallon abin, kuma ina ganin duk kun ba mutum ɗaya ko rukuni ɗaya abin da kasuwa ce ta yi. An gwada baba a Karolina tun shekarun farko na kafa yankin, aka watsar saboda shinkafa ta fi riba. Me ya canja a shekarun 1740? Yaƙi. Ingila na faɗa da Sifen, daga 1744 kuma da Faransa. Kuɗin dakon jirgi da inshora suka yi sama, shinkafa kuwa kaya ce mai nauyi mai cin wuri, farashinta ya faɗi warwas. Shuni kuma ɗan ƙaramin akwati ya ɗauki kuɗin da sai an cika ganguna da yawa na shinkafa. Ga masaƙun Ingila suna buƙatarsa, kuma a hannun Faransawan Karibiyan suke saye, abokan gaba. Ga shi baba a tudu yake fita, ba ya gasa da shinkafa a fadama, mai gandu zai iya haɗa biyun da bayin da yake da su.

Shi ya sa cikin shekara uku zuwa huɗu fitarwar ta haura laba 130,000. A 1748 kuma majalisar Ingila ta sa tallafin sisi a kan kowace laba ta shunin da ya fito daga yankunanta. Wannan sisin ne ya riƙe sana'ar, don a kasuwar Landan shunin Karolina bai kai na Gwatemala ko na Faransawa daraja ba. Kuma ba ita kaɗai ke gwaji ba, akwai maƙwabcinta Andrew Deveaux da wasu.

Rabon irin ma da ake yabo, ni ban ɗauke shi sadaka ba. Dabara ce, kuma mai kyau. Laba 17 ba ta kafa kasuwa. Sai yanki guda yana fitarwa da yawa dillalan Landan za su waiwayo, majalisa ta saurari masu neman tallafi.

Maman Iman: To ko dabara ce, kan wa ta fito? Kullum in mace ta yi abu sai a ce yanayi ne ya taimaka. In namiji ne a ce hangen nesa.

Ɗan Kasuwa: Hajiya, ai yabo ne na yi. A wurina wanda ya karanci kasuwa ya fi wanda ya yi kyauta.

Malama Mai Alli: Ni kuma shekarun da suka fi ba ni mamaki a rayuwarta ba na shunin ba ne, na bayan 1758 ne, kuma ba a cika ba da labarinsu ba saboda babu ƙyalƙyali. Sun tafi Ingila a 1753, bayan an ba mijin riƙon muƙamin babban alƙalin yankin sannan aka ture shi aka kawo wani daga Landan. A can har ta kai wa uwar yarima mai jiran gado kyautar yadin siliki da aka samar a gandunta. Shekara biyar suka yi. Suka dawo da 'yarsu Harriott don su daidaita al'amura, suka bar maza biyu, Charles Cotesworth da Thomas, a makaranta. Makonni kaɗan da sauka zazzaɓin cizon sauro ya kashe mijin. Tana da shekara 35.

Ta tarar da gandaye sun lalace saboda shekara biyar ba mai gida, ga gidajen haya a Charleston, ga kuɗin makarantar yara da dole a aika Ingila kowace shekara cikin yaƙin da jiragen Faransa ke kama na Ingila a teku. Takan rubuta wasiƙa ɗaya ta aika kwafi ta jirage daban-daban don ko ɗaya ta isa. Ba ta sake aure ba. Babban ɗanta bai dawo ba sai 1769, wato shekara 11 tana tarbiyyarsa ta wasiƙa. Wannan riƙon na shekaru masu yawa, ba sabon abu, ba yabo, lissafi kawai da bin sarakunan gandu, shi ne ainihin aikin.

Anti Barista: Kuma lura, ko a nan amana take riƙe wa 'ya'ya maza har su girma.

Autar Mama: To a ƙarshe ta ci arzikin ko?

Kawu Dattijo: Yaƙin neman 'yancin Amurka ya cinye mafi yawa. 'Ya'yanta biyu da suka yi karatu a Oxford suka ɗauki bindiga a kan Ingila. A 1779 sojan Ingila suka ƙone gandun Thomas inda aka ɓoye kayan gidan masu daraja, aka washe Belmont inda ta yi zaman aure. Charleston ta faɗi a 1780, aka kama Charles Cotesworth, aka ji wa Thomas mummunan rauni a yaƙin Camden. Ta ƙarasa rayuwarta a Hampton, gandun 'yarta Harriott, wadda ita ma mijinta ya mutu a 1785 ta ɗauki riƙon gandun shinkafa. Ciwon daji ya kama ta, aka kai ta Filadelfiya neman magani, ta rasu a can a watan Mayun 1793. Shugaba George Washington yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

Baban Walid: Kawu ka tsallake abu ɗaya. Da sojan Ingila suka iso, bayin gandayen da yawa suka bi su, don an yi shelar 'yanci ga bayin 'yan tawaye. Mutanen da ake cewa ana kyautata musu, ƙofa na buɗewa suka fice. Su ba su bar mana littafin wasiƙu ba, amma wannan ficewar ta isa shaida.

Ɗan Kasuwa: Shunin ma bai daɗe bayanta ba. Da aka raba gari da Ingila sisin tallafi ya tafi, Ingilishi suka mayar da noman zuwa Bengal a Indiya, inda tilasta wa manoma ya kai ga tawayen 1859. Karolina ta koma auduga tun shekarun 1790. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, ya kashe noman baba kusan ko'ina.

Maman Iman: Duk na ji ku, kuma ban sauka daga inda nake ba. A 1989 ita ce mace ta farko da aka sa a jerin gwarazan kasuwanci na Karolina ta Kudu. Ta goyi ɗan da ya sa hannu a kundin tsarin mulkin Amurka a 1787 ya kuma yi takarar shugaban ƙasa sau biyu, da wani da ya yi gwamna ya ƙulla yarjejeniya da Sifen a 1795. Zan ba 'yata labarinta, zan haɗa da na Quash, zan kuma gaya mata abin da Anti Barista ta ce game da takarda.

Baban Walid: In za ki ba ta, ki cika mata. A taron tsara kundin na 1787 an kawo shawarar a bar cinikin bayi daga Afirka ya ci gaba zuwa 1800. Ɗan nata Charles Cotesworth ne ya miƙe ya ce a ƙara zuwa 1808, aka kuma ƙara. Karolina ta Kudu ta sake buɗe tasharta a ƙarshen 1803, cikin shekara huɗu aka sauke mutane wajen dubu 40 a Charleston.

Anti Barista: Wannan dai da sunansa ya yi shi, Baban Walid, yana cikin bayanan taron. Kada a ɗora wa uwar.

Baban Walid: Ɗazu da ake lissafa gwamna da ɗan takara ai ita aka ba.